Raggon Injin Pak Embong

"Kashe shi! Som, kashe shaiɗanin nan, zai cinye mini jirgi!"

Ni kuwa ban ji ba. Yo ta ina zan ji? Injin zuƙar ƙurar da Rohaya ta sayo wa mahaifinta ya kai girman tukunyar biki, kukansa kuma sai ka rantse jirgin sama ne zai sauka a tsibirinmu. Ina durƙushe a cikin jirgin ruwan tsohon, na kafa bakin tiyo a jikin katako, ina ta jin daɗin yadda yake lashe komai. Sai da mahaifin nata, Pak Embong, ya jefe ni da hularsa sannan na waiga. Yana zaune a kan katifarsa, tari ya sarƙe shi, yatsansa na nuna inda na bi.

Rohaya ta fizge waya, wuri ya yi tsit. A cikin shirun nan muka ji: ɗis, ɗis. Tsakanin falanki biyu ruwan kogi yana tsattsafowa, siriri kamar zare.

"Gelam ɗina," in ji tsohon da ya samu numfashi. "Kin zuƙe mini gelam."

Kunya ta rufe ni. Ni haifaffiyar tsibirin Duyong, wadda na girma ina kallon maza na shimfiɗa ɓawon itacen gelam tsakanin katako da katako, don in ya sha ruwa ya kumbura ya toshe kowace kafa, ni ce yau na bi shi da tiyo ina zarewa kamar mai tsefe kai. Muka buɗe cikin injin, ga shi nan dogo-dogo, fari, ya cakuɗe da garin katako.

Bari in koma baya kaɗan, na san halina, nakan faro zance daga tsakiya.

Pak Embong maƙwabcina ne tun ina amarya. Masassaƙin jirgi ne, rayuwarsa duk a cikin garin katakon cengal ya yi ta. Da matarsa Mek Jah ta rasu, sai ya kulle gida ya koma cikin jirgin da ya sassaƙa na ƙarshe, wanda ya hana kowa saye. Ya ɗaure shi a jikin gadar katako, dab da rumfar da nake soya lekor, ƙosan kifin garinmu. In na miƙa hannu da kofin shayi, yana karɓa ba tare da ya tashi ba. Kullum sai ya ce shayina ruwa ne tsalla, kullum kuma sai ya shanye.

To, huhunsa ne ya gaji. Likita ya gaya wa Rohaya gaskiya, ita ma ɗin nas ce a birnin Kuantan, ba ta buƙatar a faɗa mata sau biyu. Babu sauran magani, sai dai a sauƙaƙa masa. Kuma jirgin nan maƙil yake da ƙura, a kowane lungu, a ƙarƙashin kowane katako. In aka sa tsintsiya sai ta tashi sama, tsoho ya yi ta tari har leɓensa ya canja launi.

Sai ta ce zai bi ta Kuantan, gidanta na sama, hawa na goma sha biyu, mai tayil da na'urar sanyi.

"Can sama?" ya ce. "Ni tsuntsu ne? Ina so Mala'ikan mutuwa ya same ni inda ya san zai same ni."

Suka yi ta ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya: in an iya fitar da ƙurar ba tare da tsintsiya ba, ya zauna. In ba a iya ba, ya tattara. Shi ya sa ta je ta sayo injin da ya fi kowanne ƙarfi a shago, muka jawo masa wuta da doguwar waya daga rumfata. Ga abin da ya yi mana.

Na saci kallon Rohaya. Raina ya ce, shi ke nan, ta samu hujja. Inji ya gaza, jirgi na yoyo, wa zai ga laifinta? Shi ma ya sani. Ya rarrafo ya ɗauki kurfinsa da 'yar gudumar itace zai toshe wurin, hannun ya ƙi. Gudumar ta suɓuce ta faɗi. Bai sake ɗauka ba, ya zauna yana kallon ruwan da ke taruwa.

"Je ki ɗauko jakata," ya ce wa 'yarsa a hankali. "Alkawari ne."

Rohaya ba ta motsa ba. Can sai ta naɗe hannun riga, ta durƙusa cikin ruwan da wandonta mai tsada.

"Abah, ina kake ajiye sabon ɓawo?"

"Me za ki yi da shi?"

"Miya zan yi. Ina yake?"

Ya nuna mata da haɓa. Ta yago, ta ninka, ta cusa a kafar, ta hau bugawa. Ashe hannu ba ya mantuwa. Tana ƙarama ita ke yaga masa ɓawo a ƙarƙashin rumfar sassaƙa, kafin makaranta ta ɗauke ta.

"A hankali! Ba allura kike yi wa mutum ba."

"Da allura ce, Abah, da tuni ka yi shiru."

Ɗis ɗin ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Ta miƙe tana share gumi, ta tono wani guntun katako a cikin tarkacensa, falanki biyu haɗe da gelam a tsakani, irin wanda yake nuna wa masu sayen jirgi. Ta ɗebi garin katako a leda.

"Mak Som, saka mayafinki. Za mu koma shago."

Muka hau jirgin fito muka tsallaka cikin gari, shagon Tauke Boon. Yana ganinmu ya washe baki.

"Yaya damisar da na ba ku? Ta yi aiki?"

"Ta yi har ta wuce," na ce. "Tauke, wanne ne ya fi rauni a shagon nan?"

"Ya fi me?"

"Rauni. Raggo muke so."

Ya zare tabarau ya dube ni. "Mak Som, in raggo kike nema, ga mijin 'yata can yana barci a bayan kanta. Ɗauke shi kyauta, har da filo."

Rohaya ta ɗora guntun katakon a kan teburinsa, ta barbaɗa garin a kai. Ta ce wanda zai kwashe garin ya bar ɓawon, shi muke so. Tauke ya daɗe yana jujjuya katakon. Ya ce ai aikin Embong ne wannan, ya gane shi, shi ya yi wa mahaifinsa jirgin dakon gishiri. Daga nan ya daina wasa, ko in ce ya rage. Ya hau sauko da injuna ɗaya bayan ɗaya.

Na farko ya fizge ɓawon tun kafin a kai bakinsa kusa. Na biyu, wani ja mai kama da butar shayi, ya yi ta gurnani, garin ko gezau.

"Wannan numfashi kawai yake ja," in ji Rohaya, "kamar Abah." Ta yi dariya, sai kuma ta kau da kai tana share ido. Na dafa bayanta, muka ci gaba.

Akwai wani mai kyau, amma cikinsa ƙarfe ne, iskar gishirin bakin kogi za ta cinye shi kafin damina ta fita. Akwai mai doguwar waya, na ce a'a, ɗazu kaɗan ya rage wayar nan ta faɗa ruwa ta kashe mu duka. A ƙarshe Tauke ya tono wani ɗan ƙarami daga ƙasan kanta, na share kujerun mota, jikinsa roba, ba waya, ana cika shi da batirin jirgi. A bakinsa akwai ɗan burushi mai laushi.

Rohaya ta bi da shi a kan katakon. Garin ya ɓace. Ɓawon ya ɗan motsa kamar mai juyi a barci, ya koma ya kwanta. Ba ta yarda ba tukuna. Ta zaro farin hankici ta kara a inda iska ke fita ta bayansa, don kada ya zuƙa ta gaba ya feso wa tsoho ta baya. Hankicin ya fito fari tas.

"Shekara arba'in ina sayar da kaya," in ji Tauke, "yau ne aka fara yaba wa abu don ba shi da ƙarfi. Ku gaida Embong."

Da muka dawo, tsohon yana zaune, jakarsa a gefensa. Ashe ya lallaɓa ya haɗa kayansa da kansa. Ya karɓi injin ya auna a tafin hannu.

"Wannan ɗan tsurut ɗin?"

Ya kunna, ya kara a gemunsa, ya kara a gashin hannunsa. Sannan ya sunkuya ya bi da shi a kan layin da 'yarsa ta toshe, idonsa dab da katako. Mu dai muka zuba masa ido.

"Raggo ne na gaske," ya ce. "Ya yi."

Rohaya ta sa ƙafa ta tura jakar ƙarƙashin benci. Babban injin kuwa muka kai shi masallaci sadaka, har yau shi ke share darduma, liman na cewa ya kusa zuƙe masa ladan.

Ta ɗauki hutu ta tare a ɗakina. Kowace safiya, in na gama suyar farko, sai in tsallaka in ɗauki Raggo, don sunan ya bi shi. Aikin ba ya sauri. Ɗan kofinsa kan cika, in juye, in dawo. Lungu-lungu muka bi, har kalar katakon ta fito, ja mai duhu kamar shayin da ya ce ban iya dafawa ba. Tarin bai tafi ba, amma ya daina shaƙe shi. Yana iya kwanciya ya yi barci. Yana iya yi mini faɗa da jimla cikakkiya, wanda na ɗauka alamar sauƙi ce.

Tsofaffin abokansa suka riƙa zuwa, su zauna a bakin gada su zuro ƙafafu, ana musu a kan jiragen da suka nutse tun kafin a haifi Rohaya. Da yana hawa na goma sha biyu, wa zai hau ya same shi?

Ranar da ya tafi, da hantsi ne, an yi yayyafi an ɗauke. Ya ce in kawo lekor mai zafi. Bai ci ba, ya dai sa aka ajiye kusa da kansa yana shaƙar ƙamshi. Rohaya na zaune a gefensa tana matsa masa hannu. Na ce ko in bar sharar yau?

"Yi abinki," ya ce. "Ina son kukansa. Kamar jirgi na dawowa daga nesa. Ki dai bi a hankali ta wajen gindi."

Na koma can baya ina bi a hankali. Ta ƙarƙashin ƙarar ina jin muryar Rohaya tana maimaita kalmar shahada, ina jin tasa tana biye, ƙasa-ƙasa. Da kofin ya cika na kashe. Na saurara. Ba tari, ba ɗis, sai ruwa na shafar jikin jirgi.

Rohaya ta rufe masa ido. Ta ɗago ta dube ni, hawaye na zuba, amma fuskarta a sake take.

"Mak Som, ko shaƙewa bai yi ba."

"Na ji," na ce. "Alhamdu lillahi."

Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kusa da Mek Jah. Da mutane suka watse, muka koma jirgin mu biyu don mu naɗe katifa. Kogi ya fara cikowa, igiyoyin da aka ɗaure jirgin da su na ƙara. Rohaya ta durƙusa ta shafa layin nan da ta toshe, daga farko har ƙarshe, ta buɗe mini tafinta. A bushe.

Raggo yana rataye a ƙusar itacen da tsohon ke rataye hularsa, 'yar koriyar fitilarsa na kunne. Jirgin ya ɗaga a hankali, har gefensa ya zo daidai da teburin rumfata, inda nake miƙa shayi.