Farantin Sola a Ɗakin Kayan Gona

Har yau in na tuna safiyar Talatar nan sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Kowa ya ce in yi haƙuri, na kuma yi, amma haƙurin ba zai hana ni faɗin yadda aka yi ba.

Sunana Latifa. Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Bunkure, babban gida ne na gandu, gona ɗaya, rumbu ɗaya, kuma tun rasuwar mahaifinmu ƙanensa Baffa Surajo ne ke juya komai. Na gama difloma a Kano na dawo na share shekara biyu ina gyaran albasa, takardata tana ƙasan akwati. Sai wani kamfani a Abuja ya nemi masu rubuta maganar Hausa. Za su turo maka muryar manoma, ka saurara ka buga a kwamfuta daga gida. Suka ɗauke ni gwaji na wata guda. A ranar ƙarshe za a yi jarrabawa ta kyamara, ƙarfe goma na safe, awa ɗaya, wanda ya ci aikin ya zama nasa. Sharaɗinsu shi ne ɗaki mai shiru da wutar da ba ta yankewa.

Wuta a garinmu kuwa sai dai a ga waya a kan turke. Don haka na sayar da keken ɗinkina da tunkiyata, na shiga haɗa ofis.

Ɗakin marigayiya kakarmu na ɗauka, wanda ya koma ma'ajiyar tsofaffin buhuna. Kwana biyu ina fitar da ƙura da kashin ɓera. Na zagaye shi da waya a hannu har na gano sabis ba ya tsayawa sai a jikin tagar arewa, nan na ce tebur zai zauna. Sammani kafinta ya yi mini teburin. Bawan Allah, duk rayuwarsa bencin 'yan Islamiyya yake yi, sai ga tebur iya gwiwata. Da na yi magana ya ce ai karatu a ƙasa ya fi shiga. Na ɗora ƙafafun a kan bulo bibbiyu, na samu kujerar roba na sa mata matashi, na rataya tsohon bargo a ƙofa saboda kukan awaki da sautin turmi. Kwamfutar ta hannu ce, mai sayarwar ma bai ɓoye mini ba, ya ce batirinta minti goma sha biyu yake riƙewa. Na ce ba komai, ai ina da sola: faranti ɗaya, ƙaramin batir da inbata. Ranar da na zagaya da kyamara na nuna wa Malama Halimatu Sa'adiyya, wadda ke duba aikinmu, ɗakin, ta ce ya yi, daga nan zan yi jarrabawa ba daga wani wuri ba. Wallahi ranar ji na yi kamar na gina bene.

Batirin solar dai bai taɓa kwana da caji ba. Da yamma ta yi wayoyin gidan nan kaf sai su yi layi a ɗakina, har da tocila da rediyo. Na ƙyale, don zaman lafiya na saya da shi. Da safe in na fitar da faranti rana ta haska shi, aiki ya tashi, bai taɓa ba ni kunya ba.

Kuskurena ɗaya ne, kuma ni na yi shi da hannuna. An sha cire wa mutane faranti daga saman kwano, sai na ƙi kafe nawa. Kullum da magariba nakan ɗauke shi in kai ɗakin kayan gona, don shi kaɗai ne mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Ni 'yar gidan ce, na san dokar ɗakin nan tun ina rarrafe. Duk abin da ya kwana a ciki na gandu ne. Ba wanda ke neman izini kafin ya ɗauki garma ko injin feshi. Amma sai kaina ya gaya mini ai kowa ya san wannan nawa ne.

Ranar Litinin bayan la'asar na durƙusa gaban Baffa na gaya masa gobe ce jarrabawar, ƙarfe goma. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a, 'yar nan." Har addu'a ya tofa mini.

Talata ƙarfe takwas saura na buɗe ɗakin kayan gona. Wurin farantin wayam. Na duba bayan buhunan taki kamar abu ne da zai shige ƙarƙashin buhu. Na fito tsakar gida ina kiran mahaifiyata.

Inna Turai ta ɗago daga wanke-wanke ta ce, "Baffanki ne ya ɗaure shi a mashin tun da asuba. Yau fa ranar ruwanmu ce."

Gonar tumatirinmu tana wajen Kadawa, a wutsiyar ƙaramin kanal, kuma ta fi kanal ɗin tudu, sai da inji ruwa ke hawa. Ranar da juyi ya zo kanmu ana sakin ruwan ne daga safe zuwa azahar, in ya wuce sai wani juyin. Injin Baffa na sola ne mai faranti huɗu, kuma ashe shanu sun taka ɗaya a makon da ya wuce. Ba wanda ya gaya mini.

Na kira wayarsa tana ƙara a kan tabarmarsa. Na zari hijabi na tare ɗan acaba, muka bi bakin kanal. Duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar in sauka in yi gudu da ƙafa.

Na hango farantina tun daga nesa, an jingine shi da dutse a jere da nasa uku. Ruwa yana bulbulowa daga tiyo, Baffa ya naɗe wando yana buɗe wa ruwa bakin kwamin dashe da fartanya. Na gaishe shi, don ko gidanmu na ci da wuta sai an gaisa.

"Baffa, farantina na zo ɗauka. Ƙarfe tara ta yi."

Bai ko miƙe ba. "Wane farantin naki? Ba a ɗakin kaya yake ba?"

"Ajiya na yi, Baffa. Da tunkiyata na saye shi."

"Tunkiyar dusar wa ta ci?"

Wannan tambayar ita ta fi ƙona mini rai, don dusar gandu ta ci. Na haɗiye na ce, "Jiya fa na gaya maka, har ka yi mini addu'a."

Sai ya miƙe ya nuna mini dashen da hannu. Gaskiya sun langaɓe, ganyen ya kwanta kamar an watsa musu ruwan zafi. Ya ce, "Dube su, Latifa. Kwana tara da dasawa. In ba su sha yau ba, gidan nan kaf ya yi asarar rani. Ke kuwa danne-danne ne a ɗaki. Ki ce musu su bari sai bayan azahar mana, ai su ma mutane ne, sun san ranar ruwa."

"Baffa, a Abuja suke. Ba su san ranar ruwa ba."

"To ki sanar da su."

Ya koma kan fartanyarsa. A wurinsa magana ta ƙare. Na tsaya ina kallon wayar da ta haɗa farantina da injin, fizga ɗaya ce. Maƙwabtan gona sun daina aiki suna kallonmu. Na san in na fizge, kafin in isa gida labari ya riga ni, 'yar marigayi ta kashe wa Baffanta ruwa a gaban jama'a, kuma Inna ce za ta kwana da maganar. Na ji haushin Baffa, na ji haushin tumatirin, na fi jin haushin hannuna da ya ƙi miƙewa. Na juya na hau mashin.

A gari na buga ƙofa uku ina neman aron janareto. Duk suna gona. Ranar ruwa ko injin markaɗe ne, da zai iya jan ruwa, da an tafi da shi.

Goma saura minti biyu na zauna a kan kujerata ta roba, na gyara hijabi, na kunna kwamfuta. Malama Halimatu ta bayyana da wasu maza biyu. Suka saki muryar wani tsoho yana bayanin tsutsar tumatir, na shiga bugawa. Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Na gama kashi na farko, na gama na biyu. Ɗaya daga cikin mazan ya gyaɗa kai, na gani da idona. Ina tsakiyar na uku allon ya yi baƙi, sai fuskata nake gani a ciki.

Na kira Malama Halimatu a waya. Na yi bayanin kanal da juyi da dashe, ina ji da kunnena yadda maganar ke fita kamar tatsuniya. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Latifa, hannunki ya fi na kowa a cikin waɗanda muka gwada. Amma abin da muke dubawa yau ke nan, ko wutarki za ta riƙe awa ɗaya. Akwai mutum goma sha ɗaya suna jira. Ki yi haƙuri."

Na zauna a ɗakin har la'asar ban fito ba. Shiru kuwa ya samu yadda nake so, bargon yana aikinsa. Inna ta turo kwanon abinci ta ƙarƙashinsa.

Dab da magariba na ji ƙarar mashin, sannan sallamar Baffa a ƙofar ɗakina. Bai taɓa zuwa nan ba. Na ɗaga bargon. Yana rungume da farantin, ya wanke shi tas, har ya naɗe shi da rawaninsa don kada igiya ta goge shi. Fuskarsa cike da fara'a.

"Alhamdu lillahi, sun sha har sun ƙoshi. Farantin nan naki akwai ƙarfi, 'yar nan, kin iya zaɓe. Ya jarrabawar?"

Na ce, "An ba wani."

"Ayya. Ba rabonki ba ne, wani na tafe." Ya jingine farantin a jikin teburina a hankali, ya shafa gilashin da tafin hannu. "Duba da kyau, ko ƙwarzane bai yi ba. Ni ba na wasa da kaya. Asabar ma akwai ruwa, sai ki ajiye shi inda kika saba."