Minsharin Chindo

Ƙarfe goma na safe, ranar Laraba, kasuwar Ƙonni ta fara cika. Hadari ya taso gabas tun asuba, yat tsaya bai zuba ba bai watse ba, kowa sai sharce gumi yake. Ina zaune gindin bedi bakin tasha, kwalin kaset gabana, rediyona bisa benci tana ta zuba muryata, sai ga Chindo ya aje kamyonshi, babbar motar ɗaukar siminti, hayin hanya.

Chindo taubashina ne, ɗan Gwaggo Shatu ƙanwar babana. Tun muna yawo ba wando ba mu taɓa gamuwa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. In ya hango ni, kahin sallama sai ya ce, "Kai, mai kunnen jaki, wa yak kwance ka?" Ni kuwa in kama tumbinshi, don Chindo akwai ciki.

Ran nan yaz zo yat tsaya gabana, yam miƙo hannu biyu.

"Salamu alaikum, Malam Iliyasu. Ina kwana? Yaya sana'a?"

Nid dube shi ina jiran sauran. Babu saura. Nic ce, "Tumbi, yau azumin baki kake?"

Yac ce, "Lahiya lau. Allah shi ba da kasuwa." Yaj juya yat tahi wurin mai shayi.

Malam Iliyasu. Ko limamin unguwarmu bai taɓa kuskuren ce mini malam ba. Wanda bai da taubashi ba zai gane ba, amma da marina yay yi gaban mutanen tasha da ya hi mini sauƙi.

Bari in koma baya kaɗan. Ni aikina ban dariya. Aji uku niy yi lakwal, makarantar boko, ranar da malami yak kama ni ina kwaikwayon tahiyarshi ita ce ta ƙarshe. Wurin biki da suna nif fara. In tashi tsaye in yi muryar jandarma, in yi mai awon gero, in yi tsohuwar da ta shiga mota karon farko. Wanda ya ji daɗi shi manna mini wani abu goshi. Amma biki ba kullum ba, da damina sai ka yi wata ba a kira ka ba. Wani mai shagon kaset yac ce in zo shi ɗauki muryata, shi ba ni na goro sau ɗaya, kaset kuwa shi zama nashi har abada. Na kwana biyu ina juya zancen, nic ce a'a. Nis sai da tunkiyata nis sayo rediyo mai baki biyu, mai cin kaset biyu, daga hayin iyaka. Sai in tara mutum biyar shida cikin ɗaki don dariyarsu ta shiga, in ruhe ƙofa, in ɗauka. Sannan in yi ta kwafa ɗaya bayan ɗaya, in rubuta sunana da biro. Direbobi su ne kasuwata. Hanya doguwa, barci na kama su, suna son abin da zai buɗe musu ido.

Kaset na uku shi yaj jawo mini wannan gaisuwa ta Chindo. Labarin Chindo nis sa ciki, kuma gaskiya ne, duk dangi sun san shi. Lokacin da yake neman Zalika, matarshi ta yanzu, ya sauke siminti yab biya Tajaye, garin iyayenta, zance bayan la'asar, da gajiyar kwana biyu bisa hanya. Anka shimhiɗa mishi tabarma zaure, anka shiga kiran yarinya. Kahin ta gama ɗaura kallabi bawan Allah ya miƙe. Minshari har kaji sunka watse. Zalika taz zo tag gani, kunya tas sa tak koma. Ga uban yarinya cikin gida shina son hita masallaci magariba, ƙofa ɗaya ce, mai neman ɗiyarshi kwance kan hanya. Tsoho yay yi gyaran murya sau uku, yab buga buta, daga ƙarshe yat tsallaka katangar baya da babbar rigarshi.

Shekara huɗu ina ba da labarin nan gaban Chindo, tsakar gidan Gwaggo, shina dariya har hawaye, sannan shi rama da ranar da nif faɗa rijiya ina kallon ƴan mata. Shi yas sa ran da nid danna jan maɓallin ɗaukar murya ban ji komi raina ba. Nis sa sunanshi, nis sa sunan garin, niy yi minsharin kala uku. Taubashina ne, wa zai hana ni?

Kaset yay yi kasuwar da ban taɓa gani ba. Har masu salula sunka ɗauke shi suna tura ma juna, abin da ni ban ma san yadda ake yi ba.

Bayan gaisuwar nan ta tasha tuwo bai wuce mini ba. Ran Jumma'a nih hau babur nit tahi Malbaza, garinsu Chindo. Nit tarad da Gwaggo tana tsince wake.

"Gwaggo, ɗanki ya ce mini malam."

"To ba malamin ba ne kai? Ga karatunka har Tawa ana ji."

"Wasa ne fa. Wasan da munka tarar ana yi."

Tab bar waken. "Iliya, zauna. In ka zage shi nan tsakar gida, wa ke ramawa?"

"Shi."

"To karen motar da ke yi mishi minshari bakin ƙofar kamfanin siminti, taubashinshi ne? Yaran Tajaye da ke bin surukinshi suna cewa Baba a tsallaka, su fa? Tsohon nan ya bar zuwa kasuwa. Chindo wata biyu bai taka garin ba, Zalika ita ɗai ke zuwa. Wasan taubashi kai ka ba shi, shi ya ba ka. Kai ka ɗauki naka ka raba ma duniya, shi ka bar shi da rediyo. Ana rama ma rediyo?"

Nit taya ta tsince waken har yaƙ ƙare. Ni dai na san ban yi ƙarya ba ko ɗaya cikin kaset ɗin, kuma ban yi don mugunta ba. Amma ban taɓa tunanin cewa izinin da nike da shi nawa ne ni ɗai ba, ba a sai da shi da kaset.

Da nik koma gida nih haɗa sauran kaset na uku, niy yi ta ɗora labarin tsohuwa da mota bisansu har labarin Chindo yab ɓace. Direbobi suna tambaya ina cewa ya ƙare. Na cikin salula kuwa ba hannuna.

Nid ɗauki rediyo da sabon kaset nis same shi inda kamyoyi ke layin ɗaukar kaya. Shina kwance ƙarƙashin motarshi shina shan inuwa.

"Ga shi, Chindo. Rama. Faɗi na rijiya, ƙara da duk abin da ka ga dama. Da hannuna zan sai da shi."

Yad dubi rediyon, yad dube ni. "Ni direba ne, Malam Iliyasu. Ban iya magana da akwati ba." Sannan yac ce, "In na rama, tsohon zai koma kasuwa?"

Nan nig gane ba shi ɗai nit taɓa ba, kuma ba nan ƙofar gyara take ba.

Tajaye ban taɓa zuwa da nauyin ƙafa irin na ran nan ba. Uban Zalika, Malam Muhammadu, nit tarad da shi gaban zauren nan dai, shina sa ma hauya ƙota. Nit tuɓe takalmi nid durƙusa. Nif faɗi sunana da sunan babana, nic ce ni ne mai kaset.

Yaj jima shina buga ƙotar bisa dutse.

"Kai ne. Na ɗauka babban mutum ne." Yag gwada hauyar. "Katangar ba tsallaka ta niy yi ba. Akwai wurin da ruwa ya ci, nan nir ratsa. Ka ƙara mini tsalle."

Dariya taz zo mini, nih haɗiye ta da ƙyar.

"Baba, a yahe mini."

"Yaro, tsakanina da kai ba wasa. Ni ba kakanka ba ne, ba taubashinka ba ne. Ka san haka?"

"Na sani, Baba."

"Da ka sani." Yaj jingine hauya. "Amma ka zo, waɗansu ba su zuwa. Allah shi yahe muna baki ɗaya. Shi kuwa mijin Zalika a gaya mishi gero ya kai gwiwa bai zo ya gani ba. Ni ban taɓa hushi da mai barci ba."

Saƙon ban kai ma Chindo da bakina ba, ba hurumin taubasai ba ne. Gwaggo nib ba, ita tab ba Zalika. Bayan kwana goma naj ji an ga kamyonshi Tajaye. Ban san abin da sunka ce ma juna ba, ban kuma tambaya ba. Tsohon ma an ce ya leƙa kasuwa sau ɗaya, ya sayi gishiri ya koma.

Laraba biyu Chindo bai biyo ta tasha ba. Ta uku, wajen azahar, nih hango motar. Nir rage muryar rediyo. Ina kallonshi ya sauko, ya buɗe bayan kujera shina neman wani abu, ni kuwa ina jiran sunan da zai kira ni da shi. Ashe inuwar bedi ta gusa ta bar kwalina cikin rana ban lura ba.

Yaz zo da tsohon buhun siminti, yak kakkaɓe shi daidai hancina har nit tari, yal lulluɓe kwalin, yad danne gehe da dutse.

"Kai da kaset ɗinka ba mai hankali. Rana na narka su kana zaune kamar turmi."

Kahin in sami abin cewa ya tsallaka hanya, shina ƙwala ma mai shayi kira a zuba mishi da madara.