Ranar da Mai Walda Ya Hau Agwagwa

Mijina mai walda ne, kuma duk wadda ta auri irinsu ta san ba a zaman lafiya da su kusa da ƙarfe. Ko gaisuwa muka je gidan mutane, kafin ya yi sallama sai ya ciro makullin shagonsa ya ƙwanƙwasa ƙofarsu daidai inda aka haɗa ƙarfen, ya kasa kunne. In ƙarar ta yi masa, ya gyaɗa kai. In ba ta yi ba, ranar masu gida sai sun sha wa'azi. Na ji kunyar nan har na gaji na daina ji.

Shekarar da Autarmu ta cika biyu da rabi, likitan ido ya faɗa masa gaskiya: hasken walda ya ci idon, kuma abin gaba zai riƙa yi. Da rana tsaka yana gani daidai gwargwado, amma da yamma ta kawo kai sai komai ya koma dishi-dishi. Ya dawo gida ya zauna a bakin gado, ko takalmi bai cire ba. Can ya ce, "Maman yara, wurin wasan nan da ake nunawa a talabijin, mai lilo iri-iri. Ina so in ga yarinyar nan a kan ɗaya tana dariya, tun ina iya gani."

Na tashi na fara haɗa kaya.

Tunda muka yi aure bai taɓa rufe shago kwana uku ba sai a wannan karon. Awa biyar muka yi a mota, ni da shi da Auta da yayanta ɗan shekara tara. Tafiya da ƙaramin yaro kuwa ƙaura ce: kayan canji kala huɗu, ruwa, biskit, tawul, da wata 'yartsana mai ido ɗaya da in babu ita babu barci. Muka kwana a wani masauki mai fanka mai kuka, da safe ƙarfe goma muna bakin ƙofar wurin, rana tas, idonsa garau.

Auta na hango ƙaramin jirgin ƙasa mai jan kai ta fara tsalle a hannuna. Muka bi layi, har an kusa zuwa kanmu, sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ina juyawa na ga Baban Auta a tsugune, kunnensa a jikin tarago.

"Wannan ai ba walda ba ce," in ji shi. "Liƙi ne. Ba za su hau ba."

Mai kula da jirgin ya ce, "Baba, kullum da safe injiniyoyi suna dubawa."

"Da ido suke dubawa ko da kunne?"

Haka muka bar jirgi. Muka je kofuna masu juyawa, ya ce noti ɗaya ya saki. Muka je motocin karo, ya ce tsatsa aka rufe da fenti. Yadda yake zagayawa da hannu a baya, ma'aikatan suka ɗauka wani babba aka turo bincike, har ɗaya ya kawo masa kujera yana "ranka ya daɗe". Shi kuwa ya zauna abinsa ya karanta musu laifinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ita Auta ko a jikinta. Na saya mata ayis kirim, ta shanye, ta riƙe cokalin tana bin ubanta a baya. Duk bencin da ta gani sai ta buga, ta karkata kai, ta ce, "Ba kyau." Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yayanta ne ya cika ya yi fam, hawaye na neman zubowa. Da na ga abin ya yi yawa, na faki idon uban na tura yaron ya hau wani dogon lilo can nesa, don na san daga inda muke ba zai hango shi ba. Har yau in na tuna da larurarsa na yi wannan dabarar, sai in ji ba daɗi.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi na ga ya fara murza ido. Inuwa ta yi tsawo, kuma har lokacin ƙafar Auta ba ta bar ƙasa ba. Nan raina ya ɓaci.

"Baban Auta, aiki ka zo ko kallo? Awa biyar muka sha a mota don ka ga 'yarka tana dariya, ka ƙare da kallon noti! Ga rana nan tana tafiya, kuma ba jiranka za ta yi ba."

Ya ce a hankali, "In wani abu ya same ta a kan ƙarfe, ni da na san ƙarfe, me zan ce?"

Na ja hannunsa zuwa abin da ya rage, wani tsohon lilo a lungu, agwagi takwas na ƙarfe suna zagaye a hankali, fentinsu duk ya kwaile. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya daɗe yana saurare. Sannan ya miƙe ya ce, "Wanda ya yi wannan yana tsoron Allah."

Da sauri na ɗora Auta, aka ɗaura mata bel, muka tsaya a bakin shinge. Agwagi suka tashi. Yarinya ta ƙyalƙyale da dariya tana ɗaga cokali, tana "Baba! Baba!" Na juyo in ga murnarsa, sai na tarar yana ta ɗaga wa wata 'yar mutane hannu, mai rawayar riga irin tata.

"Tana dariya ko?" ya tambaye ni.

Taku biyar ne tsakaninsu, amma yamma ta riga mu.

Lilo na tsayawa na je wajen mai kunna injin na ce, "Ɗana, babba zai iya hawa ya riƙe ta?" Ya ce an yarda, in yaron bai kai uku ba.

Baban Auta ya ce, "Ni? Da gemuna? Kan agwagwa?"

Na ce, "Kai ka ce waldar ta yi. Hau."

Ya hau, gwiwoyinsa har haɓa, hula a karkace. Na zaunar da Auta a cinyarsa, amma na juyo da ita tana fuskantarsa, hancinta kusa da nasa. Injin ya tashi. Ta kama gemunsa da hannu ɗaya tana ihu, ta buga masa cokali a goshi ta ce, "Da kyau!" Ma'aikatan da ya yi wa wa'azi suka taru suna tafi, yayanta ya kwanta a ƙasa don dariya. Shi bai ga ko ɗayansu ba. Zagaye shida suka yi bai ɗauke ido daga fuskarta ba, hawaye na bin kumatunsa. Da suka sauko ya ce iska ce ta shigar masa ido.

Bayan shekara biyu ganin ya tafi gaba ɗaya.

Makon jiya Auta ta zo da nata ɗan, za su kai shi wurin wasan. Muna zaune a falo ana ba da labarin agwagwa karo na ɗari, ta ce, "Baba, ni fa wallahi ban tuna komai ba. Kun sha wahalar banza."

Ya yi murmushi, ya lalubi hannunta.

"Ai ba don ki tuna aka je ba, ni ne mai tunawa. Kitsonki guda biyu, ɗaya ya warware. Ayis kirim ya bushe miki a haɓa. Kowa cewa yake kin girma, har da ɗa, ni kuwa duk sanda kika yi magana, wannan fuskar nake gani."

Auta ta kai hannu ta shafa haɓarta. Ni kuma na tashi na ce bari in duba tukunya, alhali ban ɗora komai ba.