Maganin Nicodemus

Hajja Safinatu akwai saurin baki, duk unguwar Bulabulin an shaida. Sau uku cikin wata biyar zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da 'yarta Muhsinat, sau ukun kuwa a kemis ɗin Nicodemus ta sayi magani, mutumin da ta shekara goma sha biyu ba ta zuwa wurin kowa sai wurinsa. Yarinya ta warke, ta yi 'yan makonni garau, sai jiki ya sake ɗaukar zafi. A na ukun Hajja ta figi mayafi, ta tsaya a ƙofar shagon, ta ɗaga kwalin maganin sama.

"Jabu kake sayar mana, Nicodemus! Alli ne wannan!"

Bawan Allah ya ce, "Hajja, shigo mu yi magana." Ina! Ba ta shiga ba. Kafin sati ya zagayo, ko maganin ciwon kai ba mai saya a wurinsa.

Da zazzaɓin ya dawo na huɗu, likita ya tura jinin yarinyar zuwa wani ɗakin gwaji mai na'urar da ke bin ƙwayoyin halittar cutar har ta faɗi irinta. Ma'aikaciyar wurin, Ketura, ta zaunar da Hajja.

"Mama, maleriya ba iri ɗaya ba ce. Ta 'yarki ba wadda aka saba gani ba ce. Maganin da ta sha yana kashe ta cikin jini, amma wannan ɓuya take a hanta, ta yi lamo, ta sake fitowa. Ta hantar maganinta daban ne."

"To, wanda na saya fa?"

"Ya yi aikinsa. Shi ya sa take warkewa."

Kunya ta rufe Hajja. Ko gida ba ta biya ba, ta tari keke zuwa shagon. Tela ta tarar a ciki. Nicodemus ya kwashe iyalinsa ya koma Biu tun watan jiya, lambarsa ma ba ta shiga.

Ta bi matan layin gida-gida da takardar gwajin a hannu. "Wallahi na zalunci mutumin nan. Maganinsa mai kyau ne, ga shaida."

Maƙwabciyarta Ammatullahi ta dafa mata kafaɗa, ko kallon takardar ba ta yi ba.

"Allah sarki Hajja, tausayi gare ki. Bar wahalar da kanki, mu dai mun riga mun san jabu yake sayarwa."