Gidan Takarda na Mama

Tun da aka ƙona wa marigayiya Mama katafaren gidan takarda, bene har da mota, don bisa al'adarsu ya isa gare ta ta zauna a ciki a lahira, ba ta bar 'yarta Siu-bi ta yi barcin kirki ba. Kullum sai ta zo mata a mafarki da masifa: ta ɓata a ciki, ta kasa gano madafa, yanzu a waje take kwana. Ita tsohon gidanta take so, wanda aka rushe aka yi titi.

Hoton tsohon gidan babu. Siu-bi ta tasa ƙeyar ƙanenta Kun-hai zuwa shagon tsoho Ong mai haɗa wa matattu gidaje, tunda ƙanen ne ya fi daɗewa a gidan.

"Rufe ido ka faɗa min abin da ka gani," in ji Ong.

"Duhu."

"Haba! Launin ƙofa fa?"

"Kawu, ni ko fuskar Mama ba ta zuwa min. Haka kaina yake, ba hoto."

"Ji shashasha!" in ji Siu-bi. "Uwarka na kwana a titi, kai kana ganin duhu!"

Maganar ta soke shi, don yana son tsohuwar nan kamar ransa. Sai ya wangale baki ya yi ƙiiiii, har Ong ya zabura.

"Haka ƙofarmu take kuka, Yaya."

Kun-hai ya janyo gora da takarda ya zauna. Ya lanƙwasa, ya kasa kunne, ya jefar, ya ɗauki wata. Ya shafa wa bango man kifi da kafur, ya barbaɗa ƙanzon shinkafa. Ya rage tsawon mashiga daidai inda goshinsa ya saba gwaruwa. Abin da ya fito, tabɗi, ko kaji sai an lallashe su su shiga.

Dangi suka taru ranar ƙonawa suna ƙunshe dariya. Wuta na kamawa, ƙauri ya tashi, gorar ƙofa ta yi ƙiiiii. Siu-bi ba ta san lokacin da ta tuɓe takalmi ba.

"Mama, na dawo," ta ce, ta fashe da kuka.

Da safe ta buga wa Kun-hai waya.

"Ta shiga. Ta ce wai har yanzu ba ka sa wa ƙofar nan mai ba?"