Mamacin Kucheri da Ƙwaryar Fura

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, labari ya iso Kucheri cewa ruwa ya ci Lukuman. Yana cikin mazan da aka ɗiba aikin hanyar, wai ya je wanka gulbi da damina, aka ga hularsa tana yawo a kan ruwa, shi kuwa ba a gan shi ba. Aka yi ta'aziyya, aka yi sadaka, matarsa Rakiya ta shiga takaba.

Yayar Rakiya, Maimuna, ta bar tuyar ƙuli-ƙulinta a Tsafe ta zo zaman taya ta. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda ba a gaya mata magana ta haɗiye sai ta juya ta ta ga bayanta. Da kaka ta yi, matan unguwa suka riƙa kawo gyaɗarsu tsakar gidan suna ɓara tare, don kada kaɗaici ya yi wa Rakiya yawa. Baffan marigayin, Baba Yari, tsoho ne da ciwon gwiwa ya hana shi gona, sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin rumbu yana ba su labari. Ba ya yarda a ce tatsuniya yake yi da rana tsaka. Wai duk abubuwan da ya gani ne da idonsa zamanin da yake fatauci. Kuma duk labaransa na matattu ne masu tashi. Rakiya da kanta take roƙonsa, ta ce in tsoro ya kama ta takan manta da kuka.

Matsalar Baba Yari ɗaya ce, ita ce Maimuna.

"Sai bafataken nan ya ji nishi cikin kangon gida," in ji Baba Yari, yana rage murya, "sai ya ce wa abokan tahiyarshi su jira, shi zai shiga ya gani."

"Shi kaɗai?" in ji Maimuna. "Mi ya aje a ciki?"

"Ɗiyata, haka abin ya faru."

"To jiya kun ce mamacin jan ƙafa yake yi, awa mai kurkunu. Yau kuma ya kama mai jaki a guje. Jakin ma kurkunu gare shi?"

Matan suka kwashe da dariya, Baba Yari ya tsuke baki. Maimuna ba ta bari ba. Ta ce ita abin da ke ba ta haushi, duk mutanen labaran nan ba su da hankali ko na ɗan tsako. In sun ji motsi sai su rarrabu. In za su ɓuya sai su zaɓi wurin da ba shi da ƙofar fita. Macen da ke cikin labarin kuma kullum sai ta yi tuntuɓe.

"Ke da ba ki taɓa gani ba," in ji tsohon. Ya naɗe buzunsa ya ce ya daina. Bai daina ba. Washegari ya dawo da wani sabo, wanda mamacin cikinsa ya ɗan fi na jiya sauri.

Wata ranar Laraba da hantsi, suna cikin ɓara, kaji suka watse daga bakin zaure. Maimuna ta ɗaga kai. Wani abu ne a tsaye, fari fat tun daga goshi har yatsun ƙafa, ɗaure da tsumman farin ƙyalle. Hannuwansa a buɗe suke nesa da jikinsa. Ya jawo ƙafar hagu, ya yi wani gurnani daga can cikin maƙogwaro. Fuskar kuwa, duk da ramar da ta yi, ta Lukuman ce.

Baba Yari, wanda sai an kama shi yake tashi alwala, ya taka tukunya, ya taka turmi, ya ture murfin rumbu ya faɗa ciki da kai. Ƙafafunsa suka ɗan yi iyo a sama kafin su bi shi.

Maimuna ma ta yunƙura za ta gudu. Amma ta daɗe tana zagin mutanen labari, kuma matan duk ita suke kallo.

"Kada wadda ta rabu da wata!" ta ce. "Ku kama zanen juna. Ku ture danga ta baya ku hita, tahiya kawai, ba gudu. Ba ku ga ba ya da sauri ba?"

Suka ture dangar suka fita a jere, suna salati. Da suka ga fili sai kowace ta saki zanen 'yar'uwarta ta ranta a na kare. Maimuna ta juyo ta ja hannun Rakiya, amma Rakiya ta zama kamar an dasa ta. Tana zaune da ɓawon gyaɗa a cinya, idonta a kan abin, hawaye na zuba.

Abin ya ƙara jawo ƙafa. Maimuna ta rarumi taɓarya ta tsaya a gaban ƙanwarta. Ta ga yana da inuwa, ta ga ƙudaje na bin ƙafarsa. Sai dai ba ta san ko hakan na nufin wani abu ba, don duk iliminta na matattu daga bakin mutum ɗaya ta same shi.

"Baba!" ta ƙwala kira wajen rumbu. "Fatalwa tana da inuwa?"

Murya ta fito daga cikin rumbun, a shaƙe. "Wata tana da ita, wata ba ta da ita!"

"Ƙuda na bin ta?"

"Ya danganta da garinsu!"

Maimuna ta yi tsaki. Sai ta lura ba su abin yake kallo ba. Idonsa na kan ƙwaryar furar da wata Bafulatana ta dama musu da safe, tana ajiye kusa da turmi. Ta sa ƙarshen taɓarya ta tura ƙwaryar gabansa a hankali, ta ja Rakiya baya.

Abin ya durƙusa da ƙyar, hannuwan nan dai a buɗe. Ya kafa kai. Tsakar gidan ta yi tsit, ba a jin komai sai saukar fura a maƙogwaro. Furar ta sha citta da barkono, don haka Maimuna ke son ta. Da ya kai ƙasan ƙwarya sai ya ɗago, ya yi wata atishawa da ta tayar da farar ƙura daga kafaɗunsa. Ya yi tari, ya gyara murya.

"Yaya Maimuna," ya ce, can ƙasa-ƙasa, "babu saura?"

Rakiya ta miƙe. Ta zagaye taɓaryar, ta je ta kama wuyan hannunsa ta riƙe. Ta daɗe a haka. Sannan ta waiwayo ta ce, "Da ɗumi, Yaya." A lokacin ne Maimuna ta saki taɓaryar, ta zauna daɓas a kan tulin gyaɗa.

Kafin azahar gidan ya cika. Maza suka zo da sanduna da gatura, liman na biye yana haki. Aka zaro Baba Yari daga rumbu, gemunsa duk ƙaiƙayin gero. Lukuman ya ba da labarinsa kaɗan-kaɗan, tsakanin loma da loma. Ruwa ya tafi da shi har wajen Bungudu, masunta suka tsamo shi. Ya kwanta zazzaɓi a Nahuce a gidan wata tsohuwa, bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo sai ƙuraje suka feso masa, tsohuwar ta shafe shi da farar ƙasa da toka, ta ce kada ya wanke sai ya isa gida. Ƙafa kurkunu ne. Murya kuwa sanyin kwana a hanya ya ɗauke ta.

"To hannuwan fa?" in ji Maimuna. "Mi ya sa ka shigo ma mutane da su a buɗe?"

"Maruru," in ji Lukuman. "Kowace hammata da nata."

"Ba ka iya sallama ba?"

"Ita nike ta yi, Yaya."

Liman ya ce takaba ta faɗi, aure na nan daram. Rakiya ta dafa ruwa ta sa mijinta wanka har sai da baƙin fatarsa ya dawo, sannan ta yarda ya shiga ɗaki.

Da ya kwana biyu ya ji ƙarfi, Lukuman ya fara bincike a kan mutuwarsa. Ya zaunar da Maimuna yana tambayar wa da wa suka zo gaisuwa, wa ya yi kuka na gaske, wa ya murza ido kawai. Ta gaya masa gaskiya, har da abokinsa na ƙuruciya da ya zo a makare ya tafi da wuri saboda ranar kasuwar Tsafe ce. Ya ji ciwon wannan ƙwarai. Da ya ji kuma cewa waina kaɗai aka raba a sadakarsa, ba a yanka ko kaza ba, sai ya juya baya ya ƙi magana har la'asar.

Don a wanke masa zuciya, Baba Yari ya ba da zakaransa aka yanka. Rakiya ta yi miyar gyaɗa, maƙwabta suka taru. Lukuman ya zauna a tsakiya da hannuwa a buɗe, ya cinye cinya biyun shi kaɗai, yana karɓar gaisuwa. Washegari da safe Maimuna ta ɗaura kayanta a ka ta kama hanyar Tsafe, don masu sayen ƙuli-ƙulinta sun fara komawa wajen wata.