Fuskar Ganiyu a Gilashin Taga

Kaf Fagge babu wanda bai san Falilat mai atamfa ba, wadda ake kira Iya Sadiyat. Bayarabiya ce, amma a Kano ta yi wayo, kuma Hausar bakinta ta fi ta wasu 'yan gari kaifi. Halinta ɗaya ne da ya gagari kowa: ba ta tsayawa a gama magana. Kana tsakiyar bayani za ka ga ta saɓa mayafi ta yi gaba, wai ta gane.

Shekarar da za a aurar da 'yarta Sadiyat ga wani direban jirgin ƙasa, Falilat ta yi kayan ɗaki na kece raini. Yarinyar ta duba, ta yi godiya, sannan ta ce, "Iya, abu ɗaya ya rage. Ina so in tafi da fuskar babana."

Maganar ta soki Falilat har cikin rai. Mijinta Ganiyu, mai awon gyaɗa a sikelin wani kamfani kusa da tashar jirgin ƙasa, ya rasu tana da cikin yarinyar. Hoto ɗaya ya taɓa ɗauka a duniya, shi ma gobara ta cinye shi Sadiyat tana goye. Amma Falilat ba ta saba cewa babu ba. Ta bugi ƙirji ta ce, "Kafin a ɗaura, zan kawo miki shi."

Washegari ta tsallaka Sabon Gari, shagon Nwabueze mai hoto, wanda ya ɗauki wancan hoton. Tsohon ya riga mu gidan gaskiya, 'yarsa Monica ce ke riƙe da sana'ar.

"Mama, a zamanin Baba a kan gilashi ake ɗaukar hoto," in ji Monica. "In gilashin yana nan, sai a wanko wani daga jikinsa. To sai dai mun koma fim, wuri ya yi mana kaɗan. Makon jiya na sayar wa Malam Ari kafinta na Rijiyar Lemo akwatunan gilasan duka, yana kankare su yana yin taga. Amma ki tsaya, in za ki duba sai kin san cewa..."

Ina! Falilat har ta kai bakin titi.

Ta tarar da Malam Ari a ƙofar rumfarsa, daro cike da ruwan zafi a gabansa. Yakan jiƙa gilashin, in hoton ya saki kamar ɓawon dafaffiyar gyaɗa sai ya bi shi da wuƙa, ya fito fes. Gefe guda ga tulin waɗanda ya riga ya gama da su. Falilat ta matso ta tsaya a kansa.

"Malam, ajiye wuƙar nan. Mijina yana cikin kayanka."

Ari ya yi salati ya kalle ta. Da ya fahimci zancen sai ya girgiza kai. "Hajiya, kin sha rana a banza. Na duba su sarai, kusan duk Turawa ne da Kwarori 'yan Labanan. Kin ga kuwa ba ni da dangi a cikinsu."

"Na ji. Matso min da akwatin."

Ta shimfiɗa zane ta zauna, tana ɗaga gilasan ɗaya bayan ɗaya tana haska su a rana. Sai ga Kanon ƙuruciyarta tana wucewa ta tsakanin yatsunta. Ga tasha tun tana rufin kwano ɗaya. Ga rumbun fatu da ƙiraga inda warin ke raka mutum har gida, ga jirgi yana shan ruwa a loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, ga dalar gyaɗa da 'yan dako suna hawa da buhu a ka. Ta gane wuraren sarai, ko da yake sama ta fito baƙa ƙirin kamar hadarin Agusta. Ta ce a ranta tsufa ne ya ɓata gilasan. Mutanen kuwa, gaskiyar Ari ce, fuskoki farare tas.

Ita kuwa ta san abin da take nema: mutum baƙi wuluk, cikin farar riga da farar hula, tsaye a gaban sikeli. Duk gilashin da ta ga farar fuska sai ta miƙa wa Ari ya ci gaba da aikinsa, mai baƙar fuska ta ajiye a cinya. Har ta ci karo da wani a gaban sikeli, dogo, hannu a ƙugu. Zuciyarta ta ɗan motsa, sai ta ga fari ne sol cikin baƙar riga, haƙoransa baƙaƙe kamar na mai cin gawayi.

"Wani Kwara ne, Allah ya ba shi lafiyar baki," ta ce, ta miƙa. Ari ya tsoma shi a daro.

Tana cikin juya wani mai baƙar fuska, tana neman ta lallashi kanta cewa ya ɗan yi kama da Ganiyu in ban da hanci, sai ga Monica a kan keke tana haki.

"Mama, kin ba ni wuya! Mene ne wannan a cinyarki?"

"Baƙaƙen da na tsince. Wannan ma ina jin shi ne."

Monica ta ɗaga shi ta duba, dariya ta ƙwace mata. "Wannan ai Baturen kamfani ne, ga hular ranarsa nan. Abin da nake son gaya miki ke nan. A gilashi komai a juye yake. Baƙi yana fitowa fari, fari yana fitowa baƙi. Duk waɗannan fararen mutanenmu ne."

Malam Ari ya saki wuƙa. "Wato tun makon jiya 'yan garin nan nake kankarewa?"

Falilat ba ta ji shi ba. Farar fuska, baƙar riga, hannu a ƙugu. Tsayuwar da Ganiyu yakan yi mata ke nan a ƙofar ɗaki in abinci ya yi jinkiri. Ta yi kukan kura ta zura hannu biyu cikin ruwan zafin har gwiwar hannu, ta lalubo gilashin ta fito da shi yana ɗiga.

"Kada ki shafa!" Monica ta daka mata tsawa. "Riƙe shi ta gefe!"

A karo na farko a tarihin Fagge, Falilat ta tsaya cak ta bi umarni. Ruwan ya riga ya yi ɓarna. Daga gwiwa zuwa ƙasa hoton ya saɓule, rabin sikelin ya tafi. Monica ta karɓa ta jingina shi a inuwa ya sha iska, ta ce sai an wanke za a san abin da ya tsira. Ari kuwa ya kwashe sauran akwatunan ya mayar ciki, ya ce taga ta jira, shi ba zai ƙara sa wuƙa a fuskar kowa ba sai an duba ko kakan wani ne.

Ana gobe ɗaurin aure Monica ta shigo gidan da takarda a naɗe, mata cike da tsakar gida ana girki. Falilat, hannayenta a ɗaure da tsumma saboda ƙuna, ta ce a miƙa wa amarya.

Sadiyat ta buɗe. Ga mutum baƙi wuluk cikin farar riga, buhunan gyaɗa jere a bayansa, yana dariya da wushirya a fili. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kai yatsa ta taɓa tata wushiryar, hawaye suka zubo mata.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta kafaɗarta ta ce, "Kai, amma an yi asara, ba shi da ƙafafu."

Falilat ta share ido da bayan tsumma, farin ciki ya cika ta har wuya. "Ya yi tafiyarsa tun tuni, me zai yi da ƙafa? Yanzu zama zai yi a ɗakin 'yarsa."